Sharhi Kan Al'amuran Yau da Kullum: Tura Ma'aikatan Jinya Karkara da Makomar Masu Ciwon Zuciya, Jini, Ƙoda da Huhu a Yankin Kajiji

A shekarar 2025 ne Gwamnatin Jihar Sakkwato, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Gwamna Ahmed Aliyu Sokoto, ta fito da wani tsari da ya wajabta wa likitoci da ma'aikatan jinya da sauran jami'an lafiya waɗanda jiha ta ɗauki nauyin karatunsu yin aikin shekara biyu a yankunan karkara, tare da alkawarin ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan albashinsu. Kwamishinan Lafiya, Dokta Faruk Umar Abubakar, wanda ya taɓa riƙe muƙamin magatakardar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, shi ne ya bayyana wa jama'a wannan mataki, inda ya nuna cewa ma'aikatan lafiya sun yi cunkoso a cikin birnin Sakkwato, alhali asibitocin ƙauyuka na fama da ƙarancinsu.

Babu shakka wannan mataki ya zo a kan kari. To amma a sharhinmu na yau muna so mu dubi lamarin ta fuskar wasu bayin Allah da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana maganar kiwon lafiya a karkara, wato magidanta da matan aure da dattawa masu fama da hawan jini da ciwon zuciya da amosanin jini da ciwon ƙoda da cututtukan huhu. Mun zaɓi mu yi misali da garin Kajiji na Ƙaramar Hukumar Shagari, domin abin da ya shafi Kajiji ya shafi Dandin Mahe da Sanyinnawal da Jaredi da Horo Birni, ya kuma shafi ƙauyukan Boɗinga da sauran ƙananan hukumomin jiharmu.

Kajiji na kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Shagari na da mutum fiye da 150,000, ta Boɗinga kuwa fiye da 170,000, kuma kowa ya san yadda jama'a suka ƙaru daga wancan lokaci zuwa yau. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Duk wanda ciwonsa ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin mazaɓarsa, sai a kai shi babban asibitin ƙaramar hukuma, idan nan ma abin ya gagara, sai a nufi Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kowane hawa daga cikin waɗannan matakai yana da kuɗin mota, da kuɗin abincin masu jinya, da gonar da aka bari babu mai aiki.

Abin lura shi ne, shekara da shekaru an gina aikin ƙananan asibitocinmu ne a kan awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafin yara da maganin zazzaɓin cizon sauro. Hakan ya dace, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai cututtukan manya na da wata ɗabi'a dabam. Zazzaɓi kan zo, a sha magani na kwana uku, a miƙe. Hawan jini kuwa abokin zama ne na tsawon rai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa cututtukan da ba a ɗauka daga mutum zuwa mutum su ne sanadin kimanin kashi 29 cikin ɗari na mace-mace a Nijeriya, inda cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kaɗai suka ɗauki kashi 11. Irin waɗannan cututtuka ba ziyarar likita sau ɗaya suke buƙata ba. Suna buƙatar wanda zai riƙa awo, yana rubutawa, yana tunatarwa, yana kuma gane ranar da al'amari ya fara sauyawa. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin jinya.

Hawan jini da zuciya

Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Nijeriya na da hawan jini, kuma da yawa daga cikinsu ba su san suna da shi ba, domin yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Sau da yawa labarinsa na farko da iyali za su ji shi ne faɗuwar maigida a gona ko a masallaci, da shanyewar ɓarin jiki, har wasu su danganta abin da iska ko sammu. Alhali gano shi ba ya ɗaukar minti biyar. Idan an auna mutum a ranaku biyu mabambanta aka ga awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, to an tabbatar da ciwon, sai a fara magani.

Akwai darasi a maƙwabtanmu. A shekarar 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara gwajin wani shiri na shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun. Shirin ya tsara matakan magani a sauƙaƙe: a fara da ƙwayar amlodifin, a sake awo bayan wata ɗaya, idan jini bai sauka ba a hau mataki na gaba, idan an kai ƙarshen matakan ko an ga alamar haɗari a tura wa likita. Da wannan tsari ma'aikacin jinya ko jami'in lafiyar al'umma na iya riƙe ɗaruruwan masu hawan jini a garinsu. Dama tun 2014 Nijeriya ke da manufar raba ayyuka tsakanin jami'an lafiya, wadda ta ba da damar horar da na ƙasa su ɗauki wasu ayyukan da a da likita kaɗai ke yi.

Haka kuma akwai wani ciwon zuciya da yankinmu ya yi suna da shi a littattafan likitanci, wato gazawar zuciya da ke kama mata gab da haihuwa ko a watannin jego. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Sakkwato, aka buga a 2007, ya samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102 da wannan ciwo, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya alaƙanta shi da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai zafi da yawan shan kunun kanwa, yayin da na baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Ko ma mene ne tushen, alamun a bayyane suke: kumburin ƙafa, da haki, da tari idan an kwanta, da kasa barci sai an jingina da matasai. Mai jego da ke da waɗannan alamu asibiti take buƙata a ranar, kuma ma'aikaciyar jinya ko ungozomar da ke shiga gidaje ita ce ta fi kowa damar ganinta kafin lokaci ya ƙure.

Mai gazawar zuciya da aka sallamo daga Sakkwato ma aikinsa bai ƙare ba. Dole a riƙa auna nauyinsa, domin ƙaruwar nauyi cikin 'yan kwanaki alama ce ta taruwar ruwa a jiki. Dole a zauna da uwargida a yi mata bayanin rage gishiri da kanwa da sinadarin ɗanɗano a miya, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi. Dole kuma a ja masa kunne kada ya ajiye magani don ya ji sauƙi.

Ƙoda

Nan ne lissafin ya fi fitowa fili. Hawan jini da ciwon suga na daga cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙoda, kuma ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gazawa. A yankinmu akwai ƙarin abubuwan da ke wahalar da ita: zafin bazara da kan haura digiri 40 ga manomi ko ɗan dako da ba ya shan isasshen ruwa, da yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da ake saya a kemis ko a faifan masu talla, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka haɗa a cikinsu ba, da tsargiya ga masu mu'amala da ruwan tafki da madatsar ruwa idan an bar ta ta daɗe babu magani.

Idan ƙoda ta gaza gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne wankin ƙoda ko dashe. A farkon 2025 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi nasarar dashen ƙoda na farko, abin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002. Wannan abin alfahari ne ga jiharmu. A cikin shekarar 2025 ɗin ne kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga kimanin Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. To amma mai gazawar ƙoda na buƙatar wanki sau biyu zuwa uku a kowane mako. A tsohon farashi, wanki uku a mako Naira 600,000 ke nan a mako huɗu. Ko a farashin rangwame, Naira 144,000 ne, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, ban da kuɗin mota da na magunguna da na ƙarin jini. Wane manomi ne a Kajiji zai jure wannan na shekara guda ba tare da ya sayar da shanun noma da gonar gado ba?

Saboda haka muke cewa, wurin da za a ceci ƙodar mutumin karkara shi ne teburin ma'aikacin jinya na mazaɓarsa. Ɗan tsinken gwajin fitsari da ke nuna zubar sinadarin furotin, da awon jini, da awon suga, idan ana yin su ga masu hawan jini da ciwon suga ko da sau ɗaya a shekara, suna iya tona asirin ciwon tun yana da sauran gyara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Jini

Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu amosanin jini, wato sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonsa. Da yake kulawa ta ɗan inganta, yanzu da yawa daga cikinsu na kai wa ga girma, su yi aure, su haihu, don haka ciwon ya daina zama na yara kaɗai. Babba mai sikila na buƙatar yawan shan ruwa, da rufe jiki lokacin hunturu, da kariya daga cizon sauro, da ƙwayar folik asid, da wankin gyambon ƙafa da kan daɗe bai warke ba. Idan ciwon ƙashi ya tashi cikin dare, yana buƙatar wanda zai ba shi maganin zafi da ƙarin ruwa cikin gaggawa da tausayi, ya kuma gane lokacin da jini ya yi ƙasa ko ƙirji ya kama, a garzaya da shi inda ake ƙarin jini.

A watan Mayun 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jini na gado. Ko da doka ko babu, wajibi ne iyaye da limamai su sani cewa idan masu rukunin AS biyu suka yi aure, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da mai sikila. Wannan bayani ne mai nauyi da ke buƙatar a yi shi cikin sirri da hikima tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, kuma ma'aikaciyar jinyar da jama'a suka amince da ita ce ta fi dacewa da shi.

Huhu

Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka. Gwaji da magani duka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, amma maganin na wata shida ne, kuma babbar matsalar ita ce mutum ya ji sauƙi bayan wata biyu ya watsar, ciwon ya dawo da taurin kai, ya kuma yaɗu a cikin gida. Duk tarin da ya kai mako biyu, musamman tare da rama da gumin dare, ya kamata a kai majina gwaji. Baya ga wannan akwai asma da ke tashi da ƙurar hunturu da ta sussuka, da ciwon huhun da ke kama iyayenmu mata bayan shekaru suna shaƙar hayaƙin itace da kara a madafin da ba shi da taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin a jini na iya nuna wa ma'aikacin jinya wanda zai sha magani a gida da wanda dole a ɗauka zuwa babban asibiti nan take.

Abin da zai sa tsarin ya yi albarka

Duk abin da muka zayyana ya nuna cewa kai ma'aikaci ƙauye rabin aiki ne. Na farko, sai an ba shi kayan aiki: na'urar awon jini mai kyau, da ma'aunin nauyi, da na suga, da tsinken gwajin fitsari, da magunguna da ba sa yankewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma manufar ƙasa ita ce a samu aƙalla ingantaccen asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Jiharmu na da mazaɓu 244. Ya rage ga jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da kwamitocin raya mazaɓu su tabbatar cewa cututtukan manya sun samu gurbi a cikin abin da ake saya. Haka zalika, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato SOCHEMA, hanya ce da ya kamata a ƙara wayar da kan jama'a su shiga, domin mai shan magani kullum shi ne ya fi kowa cin moriyarta.

Na biyu, sai an kula da rubutu. Shekara biyu kamar yau ne, amma mai hawan jini zai rayu da ciwonsa shekara ashirin ko fiye. Idan ma'aikaci ya gama wa'adinsa ya koma birni da sanin majinyatansa a kansa, wanda ya gaje shi zai fara ne daga tushe. Kundin rajista mai ɗauke da sunan kowane majinyaci da awonsa da maganinsa da ranar dawowarsa, da kati a hannun majinyacin, da takardar bayani daga babban asibiti duk lokacin da aka sallamo wani, su ne za su sa kulawar ta ɗore ko da fuskoki sun sauya.

Na uku, sai an riƙe ma'aikatan da daraja. A watan Fabrairun 2024 Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai, suna nufar ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Saudiyya. Wanda ake zawarcinsa a ƙasashen waje ba zai zauna inda babu masauki, babu ruwa, babu wutar da zai duba mara lafiya da dare, babu kwanciyar hankali ba. Samar da ɗakin kwana kusa da asibiti da fitilar hasken rana da rijiyar burtsatse abu ne da majalisar ƙaramar hukuma da masu hannu da shuni na gari za su iya.

Na huɗu, wanda a ganinmu shi ne maganin dindindin, shi ne kowane gari ya haifi ma'aikatansa. Akwai kwalejin koyon aikin jinya a Sakkwato, akwai wata a Tambuwal nan kusa da Kajiji, ga kuma Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa. 'Yar gari da ta yi karatu ta dawo ta yi aure a garinsu ba ta ƙirga kwanakin wa'adi. Ita ce kuma za ta shiga ɗakin matan da ke jin nauyin namiji ya duba su. Muna yawan kukan rashin ma'aikata mata a asibitocinmu, to amsar kukan tana cikin barin 'ya'yanmu mata su kammala sakandare. Neman ilimin magani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir.

Daga ƙarshe muna kira ga iyayen ƙasa da masu garuruwa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata a Shagari da Boɗinga da su karɓi waɗannan ma'aikata hannu bibbiyu, su kuma ba da misali ta hanyar miƙa nasu hannun a auna su a bainar jama'a, ko a ranar kasuwa ko bayan sallar Juma'a. Muna kira ga duk wanda ya kai shekara 40, da duk wanda aka taɓa samun hawan jini ko ciwon suga ko shanyewar jiki a gidansu, da ya je a auna shi ko yana jin garau. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina sai da shawarar ma'aikacin lafiya, kuma idan azumi ya gabato ya je a tsara masa lokutan sha. Su kuma ma'aikatan jinya, muna tunatar da su cewa amana ce aka danƙa musu, kuma kyakkyawar magana ga dattijon da ya yi tafiyar ƙafa ya zo awo ita ce za ta sa ya dawo wata mai zuwa.

Gwamnati ta ɗauki matakinta, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa jiharmu lafiya da zaman lafiya, amin.